Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin asibitoci da kwamishinonin lafiya na Arewa: kafin a sayi allurar HER2, a gyara bokitin fomalin

Assalamu alaikum.

Masu girma, mu ma'aikatan lafiya ne da aikinmu ke tsakanin ɗakin tiyata, ɗakin binciken nama da sashen kula da masu kansa. Duk zaman da aka yi kan kansar mama, hankali yakan tafi ga manyan abubuwa: na'urar gashin kansa, sabon gini, allurai masu tsada. Ba mu raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna an sami sababbin masu kansar mama sama da 28,000 a Najeriya, sama da 14,000 kuma sun rasu a shekarar, saboda haka duk abin da aka kawo ana bukatarsa. Amma akwai wani aiki mai araha da ake yi a cikin awa guda bayan an yanko nama daga jikin mace, wato tsoma naman cikin fomalin, ruwan da ke hana shi ruɓewa, wanda idan ya lalace, duk kuɗin da za a kashe daga baya a kan zato za a kashe shi. A kansa muka rubuto, kuma sai mun fara da binciken da ya haifar da allurar HER2, maganin wani nau'in kansar mama, don a ga dalilin kowace ƙa'ida.

Ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi jiki ba sa rarrabuwa su yawaita don raɗin kansu. Sai saƙo ya zo musu. A farkon shekarun 1960, Stanley Cohen na Jami'ar Vanderbilt a Amurka ya lura cewa idan aka yi wa jariran ɓeraye allurar wani abu da aka tato daga tsokar da ke fitar da yawu, idanunsu na buɗewa da wuri, haƙoransu ma na fitowa kafin lokaci. Ya ware furotin ɗin da ke yin haka, aka sa masa suna EGF, daga baya aka gano makarɓinsa, wato abin da ke karɓar saƙonsa, a fatar ƙwaya. Aikin ya ba shi lambar Nobel a 1986 tare da Rita Levi-Montalcini. Makarɓin furotin ne da ya ratsa fatar ƙwaya, kansa na waje, wutsiyarsa na ciki. Saƙo na manne wa kan, sai makarɓai biyu su haɗu, wutsiyoyinsu su liƙa wa juna sinadarin fosfet, daga nan saƙon ya bi hanyoyi biyu manya zuwa cibiyar ƙwaya: hanyar RAS mai cewa a rarrabu, da hanyar PI3K da AKT mai cewa kada a mutu.

Makarɓan wannan gida huɗu ne, HER1 zuwa HER4. HER2 shi ne daban a cikinsu: ba a san masa wani saƙo nasa na kansa ba, kuma kullum a buɗe yake, a shirye ya haɗu da ɗan'uwansa. Lafiyayyar ƙwayar mama tana ɗauke da kusan 20,000 a fatarta, kuma wannan adadi ba ya tayar da hankalin kowa. Matsalar na farawa ne idan sashen DNA mai ɗauke da umarnin ƙera shi, wanda ke kan kuromosom na 17, ya riƙa kwafar kansa. Maimakon kwafi biyu sai a sami goma ko ashirin, makarɓai su kai miliyan biyu, su cunkushe har su riƙa haɗuwa ba tare da wani saƙo ya zo ba. Ƙwayar sai ta yi ta rarrabuwa bisa umarnin da babu wanda ya aiko.

Dennis Slamon, likitan kansa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, shi ya haɗa wannan da abin da ke faruwa a gadon asibiti. Ya yi aiki da kayan binciken Axel Ullrich na kamfanin Genentech, ya duba naman kansar mama 189, kuma a 1987 ya bayyana cewa a kusan kashi 30 cikin ɗari umarnin HER2 ya ninka daga sau biyu zuwa sama da ashirin, sannan matan da ke da wannan nau'i cutar ta fi saurin dawo musu, sun fi saurin rasuwa. Da gwaji ya ƙara inganta, adadin ya tsaya tsakanin kashi 15 zuwa 20. Genentech ya samar da furotin irin na garkuwar jiki, wato antibodi, mai manne wa HER2. Asalinsa na ɓera ne, aka sake masa fasali a 1992 don jikin mutum ya karɓe shi, aka kira shi trastuzumab, kuma Amurka ta amince da shi a Satumban 1998. A gwajin da aka yi wa mata 469 da cutar ta riga ta bazu a jikinsu, waɗanda aka haɗa musu shi da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, sun yi matsakaicin wata 25 a raye, waɗanda aka ba kemo kaɗai wata 20. Babban sakamakon ya fito ne a 2005, da aka ba matan da aka yi wa tiyata da wuri: dawowar cutar ta ragu da kusan rabi.

Ga abin da ya shafe ku a nan. Maganin ba ya aiki sai inda HER2 ya yi yawa. Macen da ba ta da shi, in an ba ta, ta ɗauki haɗarin da kuɗin, babu amfanin. Haka abin yake da tamoxifen, ƙwayar magani mai araha da ake sha miligiram 20 kullum tsawon shekara biyar zuwa goma: yana rage mutuwa daga kansar mama da kusan kashi ɗaya cikin uku ga matan da kansarsu ke da makarɓin estrojin, amma ga marasa shi ba ya tsinana komai. Saboda haka takardar da ke cewa ER (makarɓin estrojin) kaza, PR (makarɓin furojestaron) kaza, HER2 kaza ita ce ke raba mata gida-gida. Kuma wannan takarda ba ta fi ingancin naman da aka yi gwajin a kansa ba.

Da wuƙa ta raba nama da jini, naman ya fara ruɓewa. Iskar oksijin ta yanke, tsami ya ƙaru a cikin ƙwayoyi, sinadaran narkarwa da ke kulle su ɓalle su fara cin furotin. Makarɓan da muke nema furotin ne. Fomalin ne ke tsayar da wannan ɓarna, ta hanyar ɗaure furotin da juna a inda suke. Ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin kansa da na binciken nama na Amurka, ASCO da CAP, wadda aka fara fitarwa a 2007 aka sabunta ta a 2013, 2018 da 2023, ta tsayar da iyaka: nama ya shiga fomalin cikin awa guda da fitowarsa, ya zauna aƙalla awa 6, kada ya wuce awa 72. Su kansu, da duk kayan aikinsu, sun rubuta a 2007 cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na gwajin HER2 da ake yi a lokacin zai iya zama kuskure.

To ku duba yadda abin kan kasance a wurarenmu. An cire mama gaba ɗaya da safe. Ya zauna a tasa a gefen ɗakin tiyata har a gama ɗinki, a wanke kaya, a shigo da mai bi. Can da azahar sai a danna shi cikin wata roba da ta yi masa kaɗan, wani lokaci gorar ƙarin ruwa da aka yanke wa kai, a zuba ruwan da bai ko rufe shi ba, a ɗaure da leda, a miƙa wa mijin ko ƙanin maras lafiyar. Shi kuma sai ya nemo kuɗin mota, ya kwana biyu da abin a ɗaki, sannan ya shiga tasha zuwa babban asibiti mai nisan kilomita ɗari biyu. Idan aka tsaga irin wannan nama a lab, bayansa ya yi tauri ya yi toka-toka, cikinsa kuwa, inda kansar take, ja ne, lugub, yana wari. Fomalin na ratsa nama ne da kusan milimita ɗaya a awa, kuma yana ƙara nawa yayin da yake nutsawa, kitsen mama ma yana ƙara tare shi. Kamar a jefa ƙatuwar doya a tukunya ba a yayyanka ba ne: waje ya dahu, ciki ɗanye. Kansar da ke santimita huɗu daga fata za ta kwana fiye da ɗaya tana ruɓewa alhali tana cikin fomalin.

Gyaran ba shi da wuya. Ana shafa wa gefunan naman tawada don a san iyakar yanka, sannan a tsattsaga shi daga ƙasa, kowane milimita 5 zuwa 10, a bar fata ta riƙe yankunan kada tsarinsu ya wargaje, a cusa bandeji tsakaninsu don ruwa ya shiga. Inda babu likitan binciken nama a kusa, likitan tiyata ya yi wannan da hannunsa kafin ya cire safa, ko aƙalla ya tsaga tsakiyar kansar. Ruwan ya ninka naman sau goma: mama mai nauyin giram 600 na bukatar lita shida, wato bokiti mai murfi mai cin lita goma, ba kwalbar man shafawa ba. Idan dole ce ta sa aka jinkirta, a sa naman a firji, wanda zai ƙara 'yan awoyi kaɗan, amma ban da firiza, domin ƙanƙara na farfasa ƙwayoyin. Ban da ruwan gishiri na ƙarin ruwa, ban da sifirit.

Shi kansa fomalin ɗin sai an kula. Abin da ake sayowa a jarka ƙarfinsa kashi 37 zuwa 40 ne. Wanda ake kira "kashi goma" shi ne a ɗebi mililita 100 na wannan a haɗa da mililita 900 na tataccen ruwa, a narkar da gishirin fosfet iri biyu a ciki, giram 4 na mai sodiyam ɗaya da giram 6.5 na mai sodiyam biyu, sannan a tsoma takardar awon tsami a tabbatar tana nuna kusan 7. Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, wani ya tarar da wanda aka riga aka haɗa, ya ɗauka na jarka ne, ya sake sirka shi sau goma, sai ya zama ruwa mai warin fomalin kawai. Na biyu, a bar fosfet ɗin saboda babu shi a sito. Fomalin marar fosfet, musamman a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, yana juyewa ya yi tsami, ya bar baƙin dussa a kan gilashin da ake duba naman a kai, ya kuma raunana rinin da ake gane makarɓan da shi. Wanda ake amfani da shi a mutuware ba na wannan aiki ba ne. A riƙa haɗawa a wuri ɗaya, a lab ko sashen magunguna, a liƙa takarda mai ranar haɗawa, a raba wa ɗakunan tiyata.

Sai agogo. Takardar da ke raka nama ta ƙunshi layi uku: lokacin da ya fita daga jiki, lokacin da ya shiga fomalin, da irin fomalin ɗin. Nas ɗin tiyata ce ta fi dacewa ta cike su. Ba tare da su ba, mai karanta gilashi ba shi da hanyar sanin ko "babu" ɗin da yake gani gaskiya ce ko ruɓewa ce. Kuma mai tsara jerin tiyata ya riƙa duba kalanda: naman da ya shiga fomalin da safiyar Juma'a zai cika awa 72 da safiyar Litinin, in kuwa hutun Sallah ya biyo baya ya zarce. A ganinmu wucewar lokaci da 'yan awoyi ba ta kai jinkirin shiga fomalin illa ba, amma duka biyun ana iya kauce musu. Akwai kuma gaggawa ta ɗaya ɓangaren, inda ake matsa wa lab ya fitar da sakamako gobe, sai a sa naman da bai yi awa 6 ba cikin injin sarrafawa. Barasar da ke cikin injin ce za ta ƙarasa ɗaure shi maimakon fomalin, rinin kuma ya fito da abin da ba shi ne ba.

Mafi alheri ma shi ne a san nau'in kansar tun kafin wuƙa. Yawancin matanmu suna zuwa ne cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu, inda kemo ya kamata ya rigayi tiyata. Allurar ɗiban tsoka mai lamba 14, a ɗebo zare uku ko huɗu, a jefa su fomalin nan take, ita ce ke ba da nama mafi kyau ga gwaji, don siririn zare ba ya ɓoye wa fomalin komai. Siririyar allurar zuƙo ƙwayoyi ba ta maye gurbinta, domin ba ta nuna ko kansar ta fasa bututun nono ta shiga nama. Wani abu kuma: macen da kemo ya yi wa aiki sosai, ana iya cire maman a tarar babu sauran kansa a ciki. Idan ba a ɗebi tsoka tun farko ba, babu abin da za a gwada har abada.

An daɗe ana cewa kansar maman matan Afirka ta Yamma ba ta da makarɓai, don haka ba ta jin tamoxifen. Wani babban bincike na 2009 kan nama 507 daga Najeriya da Sanagal ya sami ER a kashi 24 kawai. Amma wani da aka yi a Ibadan aka wallafa a 2008, inda aka kula da naman tun daga ɗakin tiyata, ya sami kashi 65. Da aka tattara binciken Afirka baki ɗaya a 2014, an ga cewa sabon naman da aka tara da tsari ya fi nuna makarɓai a kan tsohon da aka ciro daga ma'ajiya. Ba mu ce babu bambanci na haƙiƙa ba. Matanmu sun fi kamuwa da ƙuruciya, kuma nau'in da ba shi da makarɓai ukun ya fi yawa a baƙar fata ko a Amurka. Amma tazarar da ke tsakanin 24 da 65 ta fi ƙarfin a ɗora ta kan halitta kaɗai. A cikinta akwai matan da aka ce wa tamoxifen ba zai amfane su ba, alhali bokiti ne ya ci amanarsu.

Cikin lab ma akwai wuraren tuntuɓe, za mu taƙaita. Injin sarrafa nama yana aiki ne cikin dare, kuma idan wuta ta ɗauke nama na cikin zailin, ruwan sinadarin da ake tsoma shi ciki kafin kaki, ko narkakken kaki, yakan bushe ko ya dafe. Kakin na narkewa a digiri 56 zuwa 58, bai kamata ya wuce 60 da yawa ba. Injin da firjin antibodin da ake rinin da shi, mai bukatar digiri 2 zuwa 8, su ne farkon abin da za a ɗora a kan sola. Ana yanka nama kaurin maikuron 4 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), kuma gilashin da aka yanka aka ajiye sama da mako shida ba a gwada shi, a yanko sabo daga bulon kakin da aka adana naman a ciki. Naman ƙashi da aka tausasa da ƙaƙƙarfan asid ba a dogara da sakamakonsa. Kowane gilashi ya ɗauki ɗan naman da aka riga aka san matsayinsa a gefe, don a tabbatar rinin ya yi aiki a ranar. Akwai ma shaida a cikin naman kansa: lafiyayyun bututun nono da ke kewaye da kansa suna ɗaukar rinin ER nan da can. Idan su ma sun fito fari fat, ba a rubuta "babu ER", sai a rubuta cewa gwajin bai yiwu ba.

A gwajin rini na IHC, HER2 na fitowa ne a matsayin zobe mai ruwan ƙasa a fatar ƙwaya. Zobe cikakke, mai duhu, a sama da kashi 10 na ƙwayoyin kansa, shi ne 3+, kuma mai shi ta cancanci magani. 0 da 1+ ba su cancanci trastuzumab ba. Rigimar tana kan 2+, inda zoben ya cika amma bai yi duhu ba. Nan sai an ƙirga kwafin umarnin gadon kai tsaye a cikin aƙalla ƙwayoyi 20, a kwatanta da kuromosom na 17: idan rabon ya kai 2 kuma matsakaicin kwafi ya kai 4, akwai shi. Akwai nau'in wannan gwaji da ake karantawa da madubin likita na yau da kullum, ba sai mai haske na musamman ba. Ba kowane asibiti ne zai iya shi ba, kuma ba lallai ba ne. Cibiya guda a kowace shiyya ta isa, in dai bulon kaki ne zai yi tafiyar a ambulan na wasiƙa, ba maras lafiya ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauki 2+ a matsayin "akwai" a sa iyali su sayar da gona, ko a ɗauke shi "babu" don gudun wahala. Kuma a daina haɗa 0 da 1+ a rubuta "babu" kawai, domin tun 2022 akwai wani magani, trastuzumab deruxtecan, da ke aiki a kan masu 1+, ko da yake tsadarsa ta sa har yanzu labari ne a wurin yawancin mutanenmu.

Yanzu ga ɗaya gefen binciken, wanda aka fi mantawa. HER2 ba don kansa aka halicce shi ba. A 1995, Kuo-Fen Lee da abokan aikinsa a Cibiyar Salk suka cire umarninsa daga ɓeraye. Ƴan tayin sun mutu a ciki wajen kwana na goma da rabi, saboda zara-zaran tsokar da ke cikin ɗakunan zuciya ba su fito ba, wasu jijiyoyin kai ma ba su ginu daidai ba. A shekarar ne wasu ƙungiyoyin masu bincike biyu daban suka cire saƙon neuregulin da makarɓin HER4, suka ga irin wannan zuciyar. A 2002 aka cire HER2 daga tsokar zuciya kaɗai: ɓerayen sun rayu, amma da suka girma zuciyarsu ta buɗe ta yi rauni. Ma'ana, saƙon da ya gina zuciya a ciki shi ne ke ci gaba da gyara ta a babba. Gwajin matan nan 469 ya riga ya nuna haka a jikin mutane: waɗanda aka haɗa wa trastuzumab lokaci guda da kemo na dangin doxorubicin, jan ruwan nan da marasa lafiya suka sani, kashi 27 sun sami raunin zuciya, alhali masu kemon kaɗai kashi 8 ne. Doxorubicin na ji wa tsoka rauni, trastuzumab kuma na toshe saƙon gyara. Shi ya sa ba a ba su tare, sai ɗaya bayan ɗaya, ko a ɗauki haɗin docetaxel da carboplatin. Slamon ɗin ne ya jagoranci gwajin wannan haɗi, aka wallafa a 2011, inda gazawar zuciya ta kasance kashi 0.4 maimakon kashi 2.

A Arewa wannan ya fi nauyi. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka bayyana yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa a Zariya, kusan ɗaya cikin haihuwa ɗari, kuma binciken Sakkwato da Kano na baya-bayan nan ya tabbatar yankinmu na cikin inda ya fi yawa a duniya. Mai kansar mama a wurinmu sau da yawa 'yar shekara 35 zuwa 45 ce, ta haihu da yawa, wataƙila tana da hawan jini da ba a taɓa aunawa ba. A tambaye ta ko ta taɓa kumburi da haki a lokacin jego. A yi mata hoton zuciya na eko kafin allurar farko, a maimaita kowane wata uku. Idan ƙarfin bugun ya sauka da maki 10 ko fiye kuma ya koma ƙasa da 50, a dakata, a tura ta wurin likitan zuciya, a sake dubawa bayan kamar mako uku. Yawanci zuciyar na farfaɗowa in an tsaya da wuri. Asibitin da ke ba da trastuzumab ba tare da tabbacin eko ba, bai kammala shirin ba da shi ba, kuma kuɗin eko huɗu ko biyar ya kamata ya shiga lissafin maganin tun farko, kada a bar shi ya zama abin da iyali za su yanke idan aljihu ya yi ƙasa.

Haka ɗan tayi. Idan mai ciki ta sha wannan allura, ruwan da ɗan ke kwance a ciki yana ƙafewa, har ya kai ga huhunsa ya kasa ginuwa. A yi gwajin ciki kafin a fara, a hana ɗaukar ciki da shayarwa lokacin magani da wata bakwai bayansa. Maganin tazarar haihuwa mai sinadarin homon bai dace da mai kansar mama ba, sai roba ta mahaifa mai jan ƙarfe ko kwaroron roba. Wannan magana a yi ta da maigidan yana zaune, in ba haka ba an bar wa matar kayan da ba za ta iya ɗauka ita kaɗai ba.

Kan sayen maganin da sarrafa shi, ga lissafi. Ana farawa da miligiram 8 a kowane kilo na nauyin jiki cikin minti 90, sannan miligiram 6 kowane mako uku. Mace mai kilo 60 za ta sha 480 a farko, 360 a sauran, allura 18 a shekara, jimla miligiram 6,600. Wannan kwalba 15 ne cif na mai miligiram 440, wadda idan aka haɗa ta da ruwanta mai maganin ƙwayoyin cuta takan yi kwana 28 a firji. Da kwalba mai miligiram 150, wadda ba a ajiye ragowarta, sai an buɗe 55, kuma kashi ɗaya cikin biyar zai tafi shara, sai fa in an tara matan a rana ɗaya ana raba ragowar cikin tsafta. Ana sirka shi ne a mililita 250 na ruwan gishiri, ba ruwan sukari ba, don sukari na sa furotin ɗin ya dunƙule. Ba a girgiza kwalbar, ba a daskarar da ita. Idan aka makara fiye da mako guda, sai an koma babban awo na farko, wato kowane yankewar kaya a sito ƙarin kuɗi ne a kan maras lafiya. Kada a fara wa mace sai an ware mata na zangon gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maganin cikin jerin muhimman magunguna a 2015, ta kuma tantance makamancinsa na farko mai rahusa a Disamban 2019, don haka babu dalilin nacewa kan sunan kamfani guda, in dai akwai rajistar NAFDAC kuma sanyi bai yanke a hanya ba. Inda shekara ta gagara, gwajin PERSEPHONE na Birtaniya a kan mata sama da 4,000 ya nuna wata shida ya kusa kamo shekara: kashi 89.4 da kashi 89.8 ne suka kai shekara huɗu cutar ba ta dawo ba. Wani gwajin Faransa bai kai ga tabbatar da hakan ba, shekara ce har yanzu ma'auni, amma wata shida da aka tsara aka kammala ya fi shekarar da aka watsar a allura ta huɗu.

Ba mu ce maganin na warkar da kowa ba. Wata kansar tana canza PI3K ta kunna hanyar daga ƙasa, wata tana yanke kan makarɓin da antibodi ke kamawa, kuma maganin ba ya shiga ƙwaƙwalwa sosai.

Ranku ya daɗe, abin da ke hannunku ke nan. Shugaban asibiti na iya sa hannu a takarda guda gobe, cewa babu naman mama da zai bar ɗakin tiyata ba a tsaga shi ba, ba a rubuta lokaci ba, kuma asibiti ne zai kai shi lab, ba dangi ba. Kwamishina na iya sa motar da ke zagaya manyan asibitocin jiha ta riƙa kwasar nama sau biyu a mako, ta sauke sabon fomalin da bokitai. Muna roƙon Cibiyar Bincike da Maganin Kansa ta Ƙasa, NICRAT, ta sa gwajin ER, PR da HER2 da eko cikin abin da tallafin masu kansa ke biya, ta kuma sharɗanta wa duk lab ɗin da ke karɓar kuɗin shiga tsarin tantance inganci na waje, irin su UK NEQAS ko NordiQC, wanda ke wallafa hanyoyin rininsa kyauta a intanet. Kowane lab kuma ya riƙa ƙirga sakamakonsa duk wata shida ya kawo muku. Idan masu HER2 sun yi ƙasa da kashi 10 ko sun haura 30, ko masu ER ba su kai rabi ba, ko aka ga kansa mai laushin hali ta mataki na ɗaya a madubi an rubuta mata "babu ER", to kada a yi saurin cewa halittar matanmu ce. A sauka ɗakin tiyata a duba layuka ukun nan na takarda, a tsoma takardar awon tsami a bokiti.

Wassalam.

Daga wasu likitocin binciken nama, likitocin kansa da ma'aikatan lab a Arewacin Najeriya.